Harsashin Sake-Ɗuri: A Tambayi Mai Shi Kafin A Tambayi Kuɗinsa

Cikin sana'o'in da suka riƙe 'yan Arewa a garuruwan Kudu, gadi yana sahun gaba. Daga Ikko zuwa Badun, daga Binin zuwa Fatakwal, da wuya mutum ya ratsa unguwa da tsakar dare bai iske wani bawan Allah zaune a bakin ƙofa ba, ya ƙudundune da bargo, tocila a hannu, usur a wuya. Waɗansu gora ce makaminsu, waɗansu kuwa masu gida sun danƙa musu bindiga. Ban da su ga mafarauta, masu gangarowa dazuzzukan Kudu da rani. Duk wanda ya riƙe bindiga cikinsu yana bukatar harsashi, harsashi kuwa ya yi tsada, ya kuma yi wuyar samu ta hanyar da doka ta yarda. Saboda haka ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akan kawo wa mutane waɗansu harsasai a ƙulle cikin leda, babu kwali babu suna, a ce musu ai duk ɗaya ne, tsohon kwanso ne aka sake ɗura masa albarushi, kuma ga rangwame. Wannan ciniki ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, domin kuwa abin da ake cacarsa a ciki yatsun mutum ne da idanunsa, wani lokaci ma har da ransa.

Shi sake ɗuri a kan kansa ba ha'inci ba ne. Harsashi abu huɗu ne aka haɗa: kwanso, da albarushi, da dalmar da ke fita, da ɗan ƙyastun nan na gindi wanda ke tada wuta idan an ja kunama. Uku suna ƙarewa da harbi guda, amma kwanso yana nan, kuma a harsashin da kwansonsa na tagulla ne shi ne ya fi sauran tsada. Ashe ke nan wanda ya tsince shi, ya wanke, ya gyara, ya sake cika shi, bai yi wauta ba. A Amurka, inda wannan sana'a ta fi ko'ina ƙarfi, akwai kamfanoni sosai da ba su da aikin da ya wuce wannan. Suna sayen kwanso buhu-buhu daga filayen koyon harbi na soja da na 'yan sanda, su tura shi cikin injuna, ya fito ya koma kasuwa a farashin da bai kai na sabo ba. Girman sana'ar ya bayyana a watan Maris na 2009, lokacin da wata hukumar Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta ba da umurni a riƙa farfasa tsohon kwanson soja kafin a sayar. Masu kamfanoni da maharba suka yi ca, sanatoci biyu na Jihar Montana, Max Baucus da Jon Tester, suka sa baki, ba a yi kwanaki da yawa ba aka janye umurnin.

To, tun da can ne gidan abin, ya kyautu a ga yadda maharbin can yake yi idan ya je saye. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ko da yake araha ce ta kai shi, ba kuɗi yake fara tambaya ba. Sunan wanda ya ɗura yake fara nema. Dokar Amurka ta bar mutum ya sake ɗura harsashi a gidansa don amfanin kansa, amma ranar da ya mai da shi sana'a tilas ya karɓi lasin ƙera harsashi daga hukumar Gwamnatin Tarayya mai kula da makamai, ya kuma biya harajin kashi 11 cikin 100, wanda tun dokar 1937 ake zuba shi cikin asusun kiyaye namun daji. Mai saye yana so ya ga sunan kamfani da adireshinsa a jikin kwali, yana so ya ji ko kamfanin yana da inshora, watau idan bindiga ta fashe akwai wanda za a riƙe ya biya. Harsashin da aka zubo a leda a kasuwar baje kolin bindigogi, wanda ba a san hannun da ya fito ba, maharban da suka san ciwon kansu ko kyauta aka ba su ba sa sa shi cikin bindigarsu. Ba don sun tabbata yana da aibi ba. Don dai babu hanyar da za su san ba shi da shi.

Kamfanonin kirki ma ba sa ɓoye abin da suke sayarwa. Kamfanin Black Hills na garin Rapid City, a Jihar Dakota ta Kudu, ya yi suna da raba kwalayensa: ja na sabo, shuɗi na sake-ɗuri, yadda ko wanda bai iya karatu ba daga nesa zai san abin da ya ɗauka. Bugu da ƙari, kowane kwali yana ɗauke da lambar rukunin da aka ɗura tare. Wannan 'yar lamba ba ado ba ce. Idan inji ya yi kuskure wata rana, da ita za a yi shela a ce duk mai kwali mai lamba kaza ya dakata ya mayar. Manyan kamfanonin sabon harsashi ma sukan yi irin wannan kiranye, balle masu tsohon kwanso. Mai leda fa, da wace lamba zai yi kira, kuma wa zai kira?

Dalilin wannan tsantseni shi ne ƙarfin da ke tashi a cikin bindiga daidai lokacin harbi, wanda yawancin masu riƙe ta ba su taɓa tunaninsa ba. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar matsin da kowane irin harsashi zai tayar. Na bindigar farauta mai lamba 12, irin wadda aka fi sani a nan, iyakarsa laba 11,500 ce a kan kowane inci murabba'i. Na ƙaramar bindiga mai milimita 9 kuwa laba 35,000. In an tuna cewa iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce laba 30 zuwa 35 ba, za a ga na farko ya ninka ta fiye da sau 300, na biyu kuwa wajen sau 1,000. Duk wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga fuskar mai harbi. A Turai ma abin ya fi tsanani, gama hukumarsu ta gwaji, CIP, wadda ta samo asali tun 1914, ƙa'idodinta doka ne a ƙasashen da suka shiga, irin su Ingila da Faransa da Jamus da Italiya: ba a sayar da harsashi sai an gwada rukuninsa an buga hatimi a kwali.

Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi sosai, ba ya yafe kuskure. Abin da ake zubawa cikin harsashin milimita 9 bai kai rabin giram ba. A irin wannan awo babu maganar kimantawa da ido ko da cokali. Kurakurai biyu ne maharba suka fi tsoro. Na ɗaya a zuba awo biyu a kwanso guda, wanda ke iya tsaga bindiga ya watsa ƙarfe a hannun mai ita. Na biyu ya fi shi mugunta domin a lallaɓe yake zuwa: a manta ba a zuba albarushi ba, ko a zuba kaɗan. Ƙyastu zai tashi, a ji 'yar ƙara marar ƙarfi, dalma ko toshinta ya tafi ya maƙale a tsakiyar bututu. Mai harbi ya ɗauka ƙi ta yi, ya sa wani harsashi ya sake jan kunama, na biyu ya tarar da hanya a toshe. A nan ne bututu ke kumbura ko ya dare. Shi ya sa ake koya wa kowane ɗan koyo cewa in ƙara ta fita ba yadda aka saba ba, a tsaya, a cire harsashi, a tabbata bututu a buɗe yake. In kuwa an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin bindiga yana fuskantar inda babu kowa har rabin minti kafin a buɗe, don wani harsashin jinkiri yake yi ba mutuwa ba. Kamfani mai mutunci yana da na'urar da ke leƙa kowane kwanso ta tsai da inji in awo ya saɓa. Wanda yake ɗuri a bayan shago, da fitilar ƙwai, ana hira ana dariya, idonsa ne kaɗai na'urarsa.

Sai kuma shi kansa kwanson. Tagulla kamar waya take, in ana lanƙwasa ta ana miƙewa sai ta yi tauri ta karye. Kowane harbi yana buɗa kwanso, kowane gyara yana matse shi, saboda haka yana da iyakar rayuwa. Maharbin Amurka yana neman a rubuta masa cewa sau ɗaya tak aka taɓa harba kwanson. Ya kan buɗe kwali ya jujjuya 'yan kaɗan a tafin hannu: ko akwai tsaga a baki, ko kumburi kusa da gindi, ko ƙyastu ya turo waje maimakon ya zauna daidai, ko wani ya fi wani tsawo. Kwanson roba na bindigar farauta ya fi saurin gajiya, bakinsa yakan yayyage, naɗinsa ya saki. Waɗannan duka ido yana gani. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ke ciki, kuma shi ne mai kisa.

Amma darasin da ya fi kowane girma ga mai gadi shi ne inda maharbin can yake amfani da wannan harsashi. Bayan duk binciken nan, bayan ya ga suna da lamba da inshora, filin koyon harbi yake kai shi, ya harbi takarda da gwangwani. A can in guda ya ƙi tashi babu abin da aka rasa sai 'yan kwabbai. Bindigar da ya ajiye don tsaron gidansa kuwa, ko wadda zai shiga daji da ita neman babbar dabba, sabon harsashi yake sa mata ko da ya ninka tsada. Masu ƙera bindigogi da yawa ma, ciki har da Glock, sun rubuta a littafin da ke zuwa da bindiga cewa ba ruwansu da duk ɓarnar da harsashin sake-ɗuri ya jawo. Watau mutumin da yake da doka da kotu da inshora a bayansa bai yarda ya jingina ransa a kan tsohon kwanso ba. Shi kuwa ɗan'uwan da ke gadi a Agege ko Anacha, wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun, harsashin da ba a san ubansa ba shi ne a cikin bindigarsa ranar da ɓarayi suka hauro katanga, ranar da ba a ba mutum damar gwaji na biyu.

A ƙasar nan maganar ma ba ta kai ga zaɓen kamfani mai kyau da marar kyau ba. Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi ko harhaɗa shi sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko inda gwamnati ta ba da izini, irin masana'antar tsaro ta Kaduna, DICON, wadda aka kafa a 1964. Dokar ta kuma ce ba mai mallakar harsashi sai wanda yake da lasin bindigar da ake sa shi. Ashe duk harsashin da aka sake ɗurawa a lungu haramtacce ne tun daga tushe, mai sayarwa ya sani, shi ya sa ba zai taɓa rubuta sunansa ba. Dokar soja ta 1984 kan fashi da makami ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka kama da makami ba bisa ƙa'ida ba. Tarar a yau ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, amma shekara 10 tana nan shekara 10. Kuma a bakin shingen 'yan sanda, mai gida da ya ba da kuɗin saye yana kwance a ɗakinsa, wanda leda ke cikin aljihunsa shi ne zai yi bayani.

Ɗan Arewa a Kudu yana da ƙarin dalilin yin hattara, domin zato yana riga bincike isa kansa. Ba a manta da Uromi ta Jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta da suka taso daga wajen Fatakwal za su Kano yin Salla, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka shiga. Waɗancan bayin Allah an zalunce su, babu wani uzuri ga waɗanda suka aikata. Sai dai abin ya nuna irin idon da ake kallon baƙo mai ɗauke da kayan harbi, kuma a irin wannan yanayi takarda da kwali da rasit ba ƙananan abubuwa ba ne.

Za a sami masu cewa ai kaka da kakanni da hannunsu suke ɗura bindiga, ba su san wani kamfani ba, kuma sun kashe ɓauna da giwa. Gaskiya ne. Amma maharbin da ke ɗura bindigar toka ya san bindigarsa kamar yadda ya san matarsa, shi ya auna, shi zai harba, in ya yi ganganci kansa ya yi wa. Daɗin daɗawa, baƙin albarushin gargajiya da na zamani ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Awon da ya dace da na farko, in aka yi shi da na biyu, bom aka haɗa. Babban haɗari shi ne mutumin da ya gaji ilmin bindigar toka ya ɗauka zai yi masa aiki a harsashin zamani, ko ya farke harsashi ya juye albarushinsa cikin bindigar da maƙeri ya yi da bututun ruwa. Irin wannan bututu ba a taɓa gwada shi da komai ba.

Bindigogin da ke hannun masu gadi kuwa yawancinsu sun tsufa. Akwai masu baki biyu da suka rage tun zamanin Turawa, waɗanda aka yi ɗakin harsashinsu don mai tsawon milimita 65, alhali na kasuwa yanzu 70 ne ko 76. Dogon harsashi yakan shiga gajeren ɗaki lafiya lau, gama a naɗe bakinsa yake, sai an harba ya rasa wurin buɗewa matsi ya hau. A kwali ana rubuta tsawo, a jikin bindiga ma haka. A leda kuwa an gauraya, har akan sami mai lamba 20 cikin masu lamba 12. Shi ƙaramin in aka sa shi zurmawa yake yi ya tsaya a gaba, a ɗauka bindiga babu komai, a ƙara babba a bayansa. Don gudun haka ne kamfanonin Amurka suke yin mai lamba 20 da launin rawaya. Ga kuma damshin Kudu, wanda ke cin ƙyastu da albarushi a hankali, musamman a kwanson da bakinsa ya riga ya saki.

Masu cewa tsada ce ta kore su zuwa ga leda suna da hujja, kuma a nan laifin hukuma ya fito. A watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto-Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin bindiga. Manufar ita ce rage yawan makamai, amma bukata ba ta ragu don an rufe ƙofa ba. Jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Ikko cikin kamu huɗu a 2017, sun kuma kama 844 tare da harsasai 112,500 a tashar Onne a 2024. Wannan abin da aka gani ke nan. Matuƙar ana barin unguwanni su ɗauki masu gadi su ba su bindiga a ɓoye, alhali an toshe musu hanyar samun lasin da harsashin kirki a sarari, to ana ciyar da ɗan lungu ne. Ko dai gwamnati ta fito fili ta ce mai gadi ba zai riƙe bindiga ba, ta kuma kawo 'yan sandan da za su tsare unguwa, ko kuwa ta buɗe hanya mai rajista ga ƙungiyoyin tsaro da mafarautan da aka tantance, da dillalai sanannu waɗanda za a iya bin sawun kowane kwali da ya fita daga hannunsu. Zaman da ake yi a tsakiya talaka kaɗai yake ci.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da yake hannun jama'a. Sarakunan Hausawa na Sabo a Badun da Shagamu da Abekuta, da na Agege da Idi-Araba, da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta, su ne ake zuwa wurinsu neman yaro mai amana idan ana son mai gadi. Suna da ikon gindaya sharaɗi. Duk mai gida ko ƙungiyar masu gidaje da ke son a riƙe musu bindiga su nuna lasin, a ga sunan wanda ke jiki, su sayi harsashi a kwalinsa daga dillali mai rajista, su ajiye rasit, su kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin asibiti da na lauya in wani abu ya faru. Mutumin da ya iya gina bene mai hawa uku ya kewaye shi da waya mai lantarki ba zai ce kwalin harsashi 25 ya fi ƙarfinsa ba. In ya ƙi, ya nuna matsayin da ya ajiye ran mai gadinsa, sai a bar masa bindigarsa, yaro ya riƙe gora da usur, ko a nema masa wani gidan.